Na yi wata biyu ina shan firednisolon, fuskata ta kumbura: in daina yau?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da asma tun ina yarinya, kuma fatata tana yawan yin borin jini. A farkon hunturun bana ciwon ya tashi sosai, likita ya rubuta mini firednisolon mai miligiram 5, ƙwaya takwas kullum na kwana biyar. Na ji sauƙin da na daɗe ban ji irinsa ba. Da tarin ya dawo sai na ci gaba da saye a kemis, ina shan ƙwaya huɗu kullum, yau kusan wata biyu ke nan. Yanzu fuskata ta yi zagaye, ba na samun barci, ga yawan ƙishirwa. Ƙawata ta ce maganin guba ne, in zubar da shi. In daina yau?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ki lafiya. Kada ki daina yau, kada kuma ki zubar da shi. Ki sha na gobe da safe kamar yadda kika saba, sannan ki nemi ganin likita gobe ko jibi, ba sai mako ya zagayo ba. Na fara da wannan ne domin shi ne abin da zai iya jefa ki cikin haɗari a 'yan kwanakin nan, fiye da kumburin fuskar da ke damun ki.

Ga dalili. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ake kira adirinal. Su biyun nan ne ke samar da wani sinadari mai suna kotisol, wanda ke riƙe ƙarfin bugun jini, ya daidaita sukarin jiki, ya kuma tallafi mutum idan zazzaɓi, rauni ko tiyata suka same shi. Ba sa aiki da kansu. Wani ƙullutu a ƙasan ƙwaƙwalwa, fituwitari, shi ke auna yawan kotisol a jini ya aika musu da umarni. Firednisolon kwaikwayon wannan kotisol ne da aka haɗa a masana'anta. Abin da jikin babban mutum ke samarwa a rana bai wuce kimanin ƙarfin ƙwaya ɗaya ta firednisolon mai miligiram 5 ba. Ke kuwa kina shan miligiram 20, wato ninki huɗu, kullum, har wata biyu. Da ƙwaƙwalwa ta ga jini cike da abin da ya yi kama da kotisol sai ta daina aika umarni, su kuma ƙullutan su kwanta, har su motse. Kamar manomi ne da aka yi ta kawo masa buhun hatsi ƙofar gida kowace safiya har ya bar gonarsa ta zama fako. Ranar da aka yanke buhun, ba a ranar zai girbe ba.

Idan kika yanke maganin farat ɗaya, jikinki zai iya wayar gari ba na waje ba na ciki. Alamun sukan fara da kasala mai tsanani, ciwon gaɓoɓi, rashin son abinci da jiri idan an miƙe tsaye. Idan abin ya tsananta sai amai, ciwon ciki, faɗuwar bugun jini, suma, kuma yana kisa idan ba a yi gaggawar allurar haidirokotizon, wato kotisol na magani, da ƙarin ruwa ba. Ga asmar kanta da za ta iya dawowa da ƙarfin da ya fi na da. Shi ya sa ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce, duk wanda ya sha fiye da mako uku, ko ya sha fiye da miligiram 40 a rana sama da mako ɗaya, ko ya yi ta maimaita shan sa a kai a kai, ba a tsayar masa da shi kwatsam. Rage masa ake yi mataki-mataki.

Ba zan rubuta miki jadawalin ragewa a nan ba, domin sai an saurari ƙirjinki an auna ki kafin a tsara shi. Amma ki san siffarsa don kada ki yi mamaki. Daga miligiram 20 zuwa wajen 7.5 ko 5 akan sauko da ɗan sauri, cikin 'yan makonni. Daga nan ne ake tafiya a hankali, saboda nan ne ake jiran ƙullutan su farka su karɓi aikinsu. Wasu cikin makonni suke farfaɗowa, wasu sai an yi watanni. A tsawon wannan lokaci, har zuwa kusan shekara bayan dainawa, idan za a yi miki tiyata, ko cire haƙori, ko kika yi zazzaɓi mai zafi, ko haihuwa ta zo, ki faɗa wa duk ma'aikacin lafiyar da ke kanki cewa kin sha wannan magani na dogon lokaci. Ki rubuta sunansa, yawansa da ranar da kika fara a 'yar takarda ki ajiye a jakarki. Idan kuwa amai ya hana ƙwayar zama a cikinki har sau biyu a jere, asibiti za ki nufa, a ba ki ta allura.

Idan kin je wurin likita, ki tafi da kwalin maganin a hannu, ki faɗi gaskiyar adadin da kike sha da tsawon lokacin. Na san ana jin nauyin cewa an ci gaba da saye ba da izini ba, amma wanda ya rage lissafi don kunya, jadawalin da za a tsara masa ba zai dace da jikinsa ba.

Ƙishirwar da kika ambata ta fi damu na a kan fuskar. Wannan magani yana tura hanta ta zubo sukari cikin jini, yana kuma hana insulin aiki yadda ya kamata, don haka yakan tayar da ciwon suga ga wanda ba shi da shi, ya rikita na wanda ke da shi. Akwai wani abu da ake yawan kuskurewa a nan: wanda ke shan firednisolon da safe, sukarinsa yakan hau ne da rana zuwa yamma, ya sauko cikin dare. Idan aka auna shi da sassafe kafin karyawa kaɗai, sai a ga lafiya lau alhali ba haka ba ne. Ki roƙa a auna miki awa biyu bayan abincin rana. A duba hawan jini ma, a kuma tambaye ki ko ganinki ya canja.

To, guba ne kamar yadda ƙawarki ta ce? A'a. Tana da gaskiya da ta tsorata da abin da ta gani a fuskarki, amma hukuncin da ta yanke wa maganin bai yi masa adalci ba. A watan Satumba na 1948, a asibitin Mayo da ke Amurka, likita Philip Hench da abokan aikinsa suka yi wa wata mata 'yar shekara 29 allurar kotizon, ɗan'uwan firednisolon. Amosanin gaɓɓai ya kwantar da ita, da ƙyar take juyawa a gado. Cikin 'yan kwanaki ta tashi tana tafiya. A 1950 aka ba shi kyautar Nobel tare da Edward Kendall da Tadeus Reichstein, waɗanda suka yi aikin tace sinadarin. Firednisolon ya shigo kasuwa a tsakiyar shekarun 1950, ɗan'uwansa deksametason, wanda ake kira deksa, ya biyo baya a ƙarshensu. Tun a waɗancan shekarun farko likitocin suka lura cewa marasa lafiyar da aka daɗe ana ba su sun fara kumburin fuska da canjin hali, kuma ciwon yana dawowa da zarar an tsaya. Wato tun ranar farko maganin ya nuna fuskokinsa biyu, kuma har yau bai canja ba.

Aikinsa shi ne kwantar da garkuwar jiki idan ta wuce gona da iri. Kumburi, ja, zafi da ƙaiƙayi duk alamun garkuwar jiki ce tana faɗa. A asma, faɗan yana faruwa a bututun iska na huhu, su kumbura su cika da majina. A borin jini a fata yake. Maganin yana shiga can cikin ƙwayoyin halitta ya rage ƙera sinadaran da ke hura kumburin, shi ya sa ba ya aiki nan take, sai bayan 'yan awanni. Ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya, ba ya kuma cire tushen ciwon. Danne shi yake yi har jiki ko wani maganin ya samu sarari. Da wannan dannewar ake ceto yaron da ƙodarsa ke zubar da furotin har jikinsa ya kumbura, da mai kuturta da jijiyarsa ta kumbura tana neman shanyewa, da mai sanƙarau na tarin tibi, da jaririn da za a haifa bakwaini, wanda ake yi wa mahaifiyarsa allura don huhunsa ya yi ƙwari. A watan Yuni na 2020, binciken da jami'ar Oxford ta jagoranta a kan mutum fiye da 6,000 ya nuna cewa deksametason miligiram 6 a rana ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga masu korona da ke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda ke shan iskar oksijin. Amma binciken nan dai ya nuna bai amfani waɗanda ba sa buƙatar oksijin ba. Magani ɗaya, cuta ɗaya, amfaninsa ya rataya a kan wa aka ba da kuma yaushe.

Abin da likitanki ya rubuta daidai ne. Miligiram 40 zuwa 50 na kwana biyar zuwa bakwai shi ne abin da ake ba babban mutum idan asma ta tashi, kuma irin wannan ɗan gajeren sha ana iya tsayar da shi ba tare da ragewa ba. Matsalar ta faro ne daga rana ta shida. Illar wannan magani tana bin yawan da aka sha da tsawon lokacin da aka ɗauka ana sha. A kwanakin farko abin da aka fi gani shi ne rashin barci, buɗewar ciki, zafin ƙirji, da saurin fushi ko wani irin kuzari da bai saba ba. Wasu kan faɗa cikin damuwa mai tsanani ko ruɗewar tunani, kuma wannan abin a kai rahoto ne da wuri. Idan aka shiga watanni sai kitse ya tattaru a fuska, ƙeya da ciki, hannuwa da cinyoyi kuwa su rame, har tashi daga tabarma ya zama aiki. Fata ta yi laushi, nankarwa mai faɗi ta fito, ƙuraje su yawaita, rauni ya ƙi warkewa. Ido kan yi yana ko gilakoma, ciwon da ke lalata jijiyar gani. Ƙashi yana zaizayewa shiru, kuma ya fi saurin zaizayewa a watannin farko, shi ya sa wanda zai sha wata uku ko fiye akan duba ba shi kalsiyam da bitamin D, wani lokacin da maganin kare ƙashi. Ciwon ƙugu ko matsematsi da ya ƙi tafiya shi ma abin faɗa wa likita ne, domin jini kan daina isa kan ƙashin cinya. Yara kuwa yana iya rage musu tsawo.

Akwai ɓangaren da nake so mutanenmu su riƙe sosai, domin cututtukan da ke kewaye da mu sun sa haɗarin ya fi na ƙasashen da aka rubuta yawancin littattafan. Tunda maganin yana kwantar da garkuwa, tarin tibi da ke kwance a jikin mutum tun yarinta yana iya farkawa. Ciwon hanta nau'in B, wanda mutane da yawa ke ɗauke da shi ba su sani ba, shi ma haka. Ga shi kuma yana ɓoye zazzaɓi, mutum na ɗauke da cuta mai ƙarfi amma jikinsa bai yi zafi sosai ba. Don haka tarin da ya wuce mako biyu, gumin dare ko rama, kada a ce asma ce kawai, a gwada majina. Idan ba ki taɓa yin ƙarambau ko ƙyanda ba kuma wani yaro a gida ya kamu, ki sanar da likita nan da nan. Allurar rigakafin shawara da ta ƙyanda, masu ɗauke da rayayyar ƙwayar da aka raunana, ana jinkirta su ga mai shan adadi mai yawa. Masu sikila su yi hattara ƙwarai, domin an san ciwon ƙashi yana tasowa da ƙarfi bayan an sha. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa ma ba a ba shi: tun 1982 wani bincike a Tailan ya nuna deksametason yana tsawaita suman ne, ba ya rage mutuwa. Ina faɗin wannan saboda har yau ana tsira wa mai zazzaɓi allurar deksa a ɗakunan da ba asibiti ba, ya ji ƙarfi na yini ɗaya, cutar na ci a ƙasa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne haɗin da ake ƙullawa a leda, ba suna ba kwali, a ba tsoho mai ciwon gwiwa ko lebura mai ciwon jiki. Sau da yawa akwai deksa a ciki tare da dikilofenak ko aibufurofen. Kowannensu shi kaɗai yana iya taɓa ciki, haɗuwarsu kuwa tana ninka haɗarin gyambon ciki da zubar jini. Baƙin bayan gida kamar kwalta ko aman jini alama ce ta gaggawa. Deksa kuma ba sa'ar firednisolon ba ce: miligiram 0.75 nata daidai yake da miligiram 5 na firednisolon, ko 20 na haidirokotizon, kuma ta fi daɗewa a jiki. Ƙanƙantar ƙwayar ce ke yaudarar mutane. Ita ce dai 'yan mata ke sha da sunan maganin ƙiba, wanda ake yi wa kirari da sha ka fashe. Abin da suke gani a madubi suna murna, ruwa ne da kitsen da ya sauka inda bai kamata ba, kuma shi ne ainihin abin da ya tsorata ki a taki fuskar.

Na shafawa ma ba a bar su a baya ba. Haidirokotizon na kashi 1 cikin 100 mai sauƙi ne, betametason ya fi shi ƙarfi, kilobetasol ya fi su duka, kuma shi ake yawan zubawa a man bilicin. Mai shafa shi a duk jiki na watanni, fatarta na tsotsewa har ya kwantar da ƙullutan adirinal kamar wadda ta sha ta baki. A kan makero, kyasbi ko ƙazuwa kuwa, ƙaiƙayin zai lafa, cutar ta bazu ta canja kama har likita ya sha wahalar gane ta. Haka ɗigon ido mai wannan sinadari da ake saya wa yaro mai ƙaiƙayin ido ko mai afolo: watanni kaɗan sun isa su jawo gilakoma, kuma ganin da ta cinye ba ya dawowa.

Mu dawo kanki. Dawowar tarin bayan kwana biyar yana nuna cewa asmarki ba ta samu maganin riƙo ba. Maganin riƙon asma shi ne na shaƙa mai ɗauke da ɗan wannan sinadari, kamar bekilometason ko budesonaid. Ana auna shi da maikirogiram, wato kashi ɗaya cikin dubu na miligiram, kuma yana sauka kai tsaye a huhu, kaɗan ne ke shiga jini. Na san tsoron da ake yi, wai wanda ya fara inhela ya kamu ke nan har abada, ko sai ciwo ya kai gargara ake ba da ita. Wannan tsoron ne ke tura mutane ga ƙwayar da ta fi ta illa nesa ba kusa ba. Shuɗiyar inhelar salbutamol buɗe ƙirji take yi na 'yan awanni, ba ta taɓa kumburin, kuma tun 2019 ƙa'idojin kula da asma na duniya suka daina ba da shawarar babban mutum ya dogara da ita ita kaɗai. Ki sa a nuna miki yadda ake shaƙa da hannu, a gani kina yi, domin da yawa a maƙogwaro maganin ke tsaya musu. Bayan kin shaƙa ki kurkure baki ki tofar. Ki lura kuma da abin da ke tayar miki: ƙurar hunturu, hayaƙin itace, turaren wuta, maganin sauro na ƙonawa, shara ba yayyafa ruwa.

Borin jinin kuwa maganinsa na farko shi ne irin su setirizin ko loratadin, waɗanda ba sa sa barci sosai, kuma likita na iya ƙara yawansu idan ɗaya bai isa ba. Ba a riƙe borin jini da firednisolon na watanni. Amma idan wata rana leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya yi wuya bayan cin wani abu, shan magani ko harbin zuma, kada ki tsaya neman ƙwaya. Allurar adirenalin a cinya ce ke ceton rai a wannan hali, cikin mintuna.

Kafin ki gama ragewa, ki riƙa shan ƙwayoyin gaba ɗaya da safe bayan kin ci abinci, lokacin da jiki da kansa ke fitar da kotisol mafi yawa. Wannan kaɗai yakan gyara barci. Ki rage gishiri, magi da lemon kwalba, ki guji dikilofenak da aibufurofen, farasitamol ya wadatar don ciwon kai. Idan azumi ya riske ki a kai, akan mayar da shan zuwa sahur, amma a fara duba sukarinki, kuma wanda ƙullutansa ba su farfaɗo ba yana iya buƙatar ya jinkirta azumin bisa shawarar likita. Idan kina da ciki ko kina shayarwa ki faɗa, ba don a hana ki ba, domin mahaifa tana kashe ƙarfin yawancin firednisolon kafin ya isa ga jariri, sai don a sa ido a kan suga da hawan jini. Ki kuma ambaci duk wani magani da kike sha: rifamfisin na tarin tibi da wasu magungunan farfaɗiya suna rage masa ƙarfi, wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki kuma suna ƙara masa.

Fuskarki za ta koma yadda take, in sha Allahu, amma a hankali, cikin makonni zuwa 'yan watanni bayan adadin ya sauko. Idan a lokacin ragewa kika ji kasala da ciwon jiki, kada ki ƙara ƙwaya da kanki, kada kuma ki yi tsalle zuwa ƙasa don ki gama da wuri. Ki koma wurin likitan ya duba ko matakin ne ya yi sauri.